Wankan Shugaban Aji

Nas ba nas ba ce. Tela ce, kekenta na ɗinki yana falo kusa da taga, kuma ba ta taɓa shiga asibiti da sunan aiki ba. Mijinta ne ya laƙaba mata sunan, saboda a gidansu ko maganin ciwon kai ba a sha sai ta karanta takardar da ke cikin kwalin gaba da baya, har ƙananan rubutun nan da kamfani ke yi don kada kowa ya karanta. Tana da sirinji uku na auna maganin yara, kowanne da kalar zaren da ta ɗaura masa. Tana kuma da doka guda da ba a ɗaga mata: in abu ya kama mutum ɗaya a gidan, to kowa ya kamu. Lokacin da 'yarta ta kwaso ƙwarƙwata a makaranta, kowa sai da aka wanke masa kai da magani, har Malam, wanda rabon kansa da gashi tun kafin aurensu.

"Nas, me ƙwarƙwata za ta riƙe a nan?" ya tambaya yana shafa sanƙonsa.

"Ita ta sani. Sunkuyo."

Ya sunkuya.

Malam yana koyar da ilimin halittu a sakandare. A ɗakin gwajinsu akwai maciji cikin akwatin gilashi, irin ƙaramar mesar nan marar dafi, tsawonsa bai wuce hannun babban mutum da kaɗan ba, jikinsa da zanen baƙi da ruwan ƙasa. Ɗalibai suka sa masa Shugaban Aji, wai shi kaɗai ne ba ya surutu, kuma kowa yana kan idonsa. Da dogon hutu ya zo aka rasa mai kula da shi. Masu gadi suka ce aikinsu bai kai can ba. Malam ya sa hannu a takarda, ya ɗora akwatin a bayan mota, ya kawo gida.

Kwana biyu Nas ba ta yi masa magana ba sai ta bakin 'yarsu. Yarinyar shekararta shida, kuma tun da aka haifi ƙanenta kowa ke kiranta Yaya.

"Yaya, ce wa babanki abincinsa na kan tebur."

"Baba, an ce abincinka na kan tebur."

"Yaya, ce masa in igiyar nan ta fito, ni da Auta mun bar masa gidan."

A rana ta uku aka sasanta. Akwati zai zauna a ɗakin ajiya, murfinsa da kwaɗo, ƙofar ɗakin da sakata ta sama inda hannun yaro ba ya kai. Nas ta auna akwatin da tef, tana tsaye nesa hannu a miƙe, ta ɗinka masa riga da ragowar ledar tebur mai furanni, ta yadda in ta shiga ɗauko tsintsiya ba sai sun haɗa ido ba. Rigar ta zauna cif, ko kusurwa ɗaya ba ta tattare ba. Saman kawai ta bari, inda ragar ƙarfe take.

Yaya kuwa ta samu aboki. Kullum bayan karin kumallo sai a buɗe mata sakata, ta ja 'yar kujerarta, ta ɗage gaban rigar, ta karanta wa Shugaba littafinta na aji ɗaya. In ta yi kuskure ta ce shi ne bai saurara da kyau ba.

Ana cikin haka aka kira Malam gyaran takardun jarrabawa a wani gari, kwana tara. Ya ciyar da macijin kafin ya tafi.

"Ba ya bukatar komai sai na dawo," ya ce yana rufe jaka. "Ruwa kawai, kuma Yaya ta iya zuba masa ta mazurari. Abu ɗaya nake roƙo, kada a rufe ragar sama. Ta nan yake samun iska."

"Ni da ko kallonsa ba na yi, me zai kai ni ragarsa?"

Kwana uku da tafiyarsa, tana tsakiyar sa hannun wata riga, Yaya ta zo ta tsaya a gefen keke.

"Mama, Shugaba ya ƙi fita daga kwanon ruwansa tun jiya. Kuma wani ya zuba masa masoro a ciki."

"Wa zai zuba masa masoro?"

"Masoron yana tafiya."

Nas ta ɗaga ƙafa daga keke. Ta kunna fitilar waya, ta shiga ɗakin ajiya, karo na farko ta ɗage rigar da hannunta. Macijin yana naɗe cikin ruwa, hancinsa kaɗai a waje. A saman ruwan ɗige-ɗige baƙaƙe suna yawo. Wasu suna kewaye da idonsa, wasu a ƙarƙashin haɓarsa. Sai ta ga guda ɗaya a bayan gilashin, ta waje, yana gangarowa a hankali abinsa kamar mai zuwa kasuwa.

Auta watansa takwas. Satin nan ya fara rarrafe, kuma duk abin da hannunsa ya samu bakinsa ne ke tantancewa. Nas ta murƙushe ƙwaron da farce, ta dubi jan ɗigon da ya bari, ta ji ƙeyarta ta fara ƙaiƙayi, sannan bayanta, sannan ko'ina.

A saman kabad ɗin kicin, can inda take ɓoye duk abin da ke da hoton ƙwarangwal, akwai gwangwanin feshi da ta saya lokacin da kyanwarsu ta yi ƙuma. Ya yi aiki a lokacin, kwana biyu ƙuma ta zama labari. Ta sauko da shi, ta zauna, ta karanta shi sau uku, domin ita ba irin matan nan ba ce da ke amfani da magani da ka. An rubuta na karnuka da kyanwoyi ne, a fesa a jiki da wurin kwana. An rubuta a nisanta shi da yara. An rubuta yana kashe kifi, kada a fesa kusa da ruwan da suke ciki. Ta juya gwangwanin ta sake juyawa, ba a ambaci maciji ba, ko da alheri ko da sharri.

To, maciji dai ba kifi ba ne. Wannan ko ba a auri malamin ilimin halittu ba an sani.

Saura awo. Kyanwa kilo uku ce, kuma feshi takwas aka yi mata. Ta buɗe littafin da Malam ke rubuta bayanan Shugaba, ta ga kilo ɗaya da rabi. Rabin kyanwa kenan, feshi huɗu. Ta sake lissafin a bayan takardar awon wata mata, ya sake ba ta huɗu. Har wani daɗi ta ji a ranta. Wata ce da yanzu ta kama gwangwani ta yi ta fesawa ba kai ba gindi.

Ta kai Auta da Yaya da kyanwa baranda, ta rufe su. Ta sa safar wanke-wanke, ta sa rigar ruwan Malam, ta ɗaura takunkumi biyu. Ta buɗe kwaɗon, ta sa bakin doguwar rular ɗinki ta ɗaga 'yar ƙofar da ke jikin ragar. Ta zura bakin gwangwanin. A nan ne macijin ya ɗago kai daga ruwa ya zaro harshe, ita kuma ta kau da fuska, ta runtse ido, ta danna. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta saki ƙofar ta faɗa.

Tana mayar da numfashi sai wani tunani ya zo mata, irin tunanin da sai uwa mai lura. Ƙwarin nan in suka ji magani gudu za su yi. Ta ina? Ta raga. Su nufi ina? Inda Auta ke rarrafe. Maganar Malam ta faɗo mata, amma ai shi yana nufin kwana da kwanaki ne, ba awa biyu ba. Ta yanko ragowar ledar tebur daidai faɗin murfin, ta shimfiɗa, ta bi gefe huɗun da salatif, ta bi da yatsa ta danne. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Ko iska ba ta isa ta wuce ba.

Ta wanke hannu sau biyu, ta buɗe tagogi, ta shigo da yara, ta koma kan keke. Tana ɗinki tana shirya yadda za ta ba Malam labari, a sauƙaƙe, kamar ba wani abu ba. Ka bar mana maciji da ƙwari, amma kada ka damu, an yi maganin abin.

Bayan abincin rana Yaya ta roƙi a buɗe mata sakata.

"Sai maganin ya gama aiki."

"Leƙawa kawai zan yi."

Nas ta zare mata sakatar. Yarinyar ba ta yi minti ɗaya ba ta dawo. Ba ta yi kuka ba, muryarta ce ta ƙanƙance.

"Mama, Shugaba yana kallon sama."

Nas ta bi ta ɗakin. Macijin ya fito daga ruwan. Kansa ya lanƙwashe baya kamar mai neman wani abu a rufi, wuyansa yana karkarwa, bakinsa a buɗe da yawu mai yauƙi. Suna kallo ya tafi gefe guda, ya kife, farin cikinsa a sama. Ya zauna a haka.

"Ba ya kwanciya haka," in ji Yaya. "Baba ya ce maciji ba ya yarda a ga cikinsa."

Nas ta fizge ledar. Salatif ɗin da ta danne da kyau ya ƙi fita, sai da ta sa haƙori. Warin maganin ya bugo ta, ga shi yanzu babu takunkumi a fuskarta. Ta tura Yaya baya, ta kira Malam. Wayarsa a kashe, domin a zauren gyaran jarrabawa karɓe wayoyi ake yi sai yamma. Ta zazzage aljihun kabad ta samo katin rigakafin kyanwa, ta kira lambar da ke ƙasa.

Likitar dabbobin dattijuwa ce, muryarta kamar wadda ba abin da bai taɓa faruwa a gabanta ba. Ta saurara ba ta katse ta ba.

"Karanto min sunan sinadarin da ke jikin gwangwanin."

Nas ta karanto shi gaɓa-gaɓa.

"An rubuta yana kashe kifi?"

"An rubuta. Amma Likita, ai maciji..."

"'Yata, bar ai ɗin nan tukuna. Fitar da shi daga akwatin yanzu. Ruwa mai ɗumi kaɗan, ɗigon sabulun wanke kwanuka, ki wanke shi daga wuya zuwa wutsiya, ki ɗauraye, ki sake, sau uku. Kada ruwa ya shiga bakinsa. Sannan ki kawo min shi."

"In fitar da shi da me?"

"Da me kike fitar da ɗanki daga gado?"

"Likita, ban taɓa taɓa shi ba. Ko hotonsa a littafi ba na taɓawa."

Yaya ta riga ta naɗe hannun riga. "Ni zan ɗauko shi, Mama. Baba ya koya min, ana tallafe tsakiyarsa ne."

"Muryar yarinya nake ji?" in ji likita. "Kada ta sa hannu a akwatin nan. Guba ce a ciki."

Ba sai an faɗa ba, Nas ta riga ta damƙe wuyan hannun 'yarta. Ta waiga ta dubi sauran mutanen gidan. Auta yana zaune a ƙofa yana cin yatsan ƙafarsa. Kyanwa tana lasar jikinta. Ta duba da kyau, babu wani babba da ya ɓuya a bayan ƙofa.

Ta zura safar wanke-wanke, ta yi bisimilla, ta sa hannu biyu.

Ta ɗauka zai yi santsi da sanyi kamar hanjin kaza. Sai ta ji shi da nauyi, a cike, kamar cinyar Auta. Kuma yana rawa. Rawar tana tafiya a jikinsa daga sama zuwa ƙasa, ta tsaya, ta dawo. Nas ta san wannan rawar. Yaya tana da shekara biyu zazzaɓi ya taɓa sa ta jijjiga, kuma a hannun nan biyu ta yi ta. Kanta bai daina tsoro ba, amma hannuwan sun riga sun san aikinsu, suka bar kan a baya.

Babu abin da ya kai girmansa sai bahon wankan Auta, shuɗi mai hoton agwagwa. Ta sirka ruwa, ta gwada da gwiwar hannu. Safar ta yi ta zamewa da kumfa, kansa yana neman nutsewa, ta cire ta hagu da haƙori ta tallafe haɓarsa da tafin hannunta tsirara. Fatarsa sumul, kamar jaka mai tsada. Ƙwarin suna ta fita suna yawo a kumfa. A ruwa na biyu ta ji wata murya tana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, an kusa gamawa, yaron kirki." Sai da Yaya ta dube ta sannan ta gane muryarta ce.

Ta tsane shi da tawul, ta sa shi a rigar matashi ta ɗaure bakin, ta kwantar a jakar kayan Auta tsakanin ƙunzugu da kwalbar ruwan ɗumi. Ta wanke hannu har gwiwa, ta ɗauki Auta, ta sa gwangwanin a leda, suka fita titi.

Direban tasin mai son hira ne. Da ya ji asibitin dabbobi ya ce shi fa duk dabba yana so, har ɓera yana iya yi wa uzuri, abu ɗaya ne in ya gani zai bar mota da fasinja da komai ya ruga.

"Mene ne?" in ji Yaya.

"Maciji, 'yan mata. Ko sunansa ba na so."

Yaya ta buɗe baki. Nas ta ɗora mata hannu a gwiwa ta ɗan matsa.

"Yaya, ƙirga min motoci ja."

Jakar tana kan cinyarta, tana jin rawar ta cikin yadi. Sau biyu rawar ta tsaya, ta zura hannu cikin jakar har sai ta ji motsi. Direba ya gani ta madubi ya ce Allah ya raya, uwa ba ta hutawa.

Asibitin ɗaki biyu ne a bayan wani kantin sayar da abincin kaji. Likita ta kwance rigar matashin a kan teburin ƙarfe, ta auna shi, ta buɗe bakinsa da wani ɗan katako, ta haska idonsa. Ta yi masa allura guda don rawar, ta yi wata babba ta ruwa a ƙarƙashin fata. Sai da ta gama sannan ta ɗauki gwangwanin, ta sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Feshi nawa?"

"Huɗu. Na yi lissafi da nauyinsa. Kyanwa kilo uku, feshi takwas, shi kuma..."

"Lissafinki daidai ne. Dabbar ce ba daidai ba."

"Mamana ma nas ce," in ji Yaya, don ta taimaka.

Likita ta dubi Nas ta saman tabarau. "A wane asibiti?"

"Tela ce ni," in ji Nas, tana kallon tayil ɗin ƙasa ko zai tsage ta shige.

"To, kin san yadin da ke son ruwan zafi da wanda ke lalacewa a ciki. Haka suke. Kyanwa jininta da ɗumi, jikinta yana sarrafa magani ya fitar. Wannan komai nasa a hankali yake tafiya, abin da ya shiga sai ya zauna ya yi ta cin jijiyoyinsa. Duk maganin da kika ga an ce yana kashe kifi, ki ɗauka da shi ake. Na kare ma akwai wanda in kika ɗiga wa kyanwa sai gawarta. Wanda zan ba wannan don ƙwarinsa in ya warke, in na ba kunkuru ba zai kwana ba."

"Ba su rubuta maciji ba."

"Ba su rubuta raƙumi ba ma. Abin da suka gwada kawai suke rubutawa." Ta shinshina bayan macijin, ta shafa. "A jikinsa kika fesa?"

Nas ta hau gyara wa Auta riga.

"Gilashi ta fesa," in ji Yaya. "Na gani ta tagar baranda. Idonta a rufe yake, kuma ta juya baya."

Likita ta ajiye gwangwanin. Kafaɗunta suka ɗan motsa, amma ta riƙe dariyar.

"To ki gode wa tsoronki. Da kin buɗe ido kin saita shi, da yanzu wata maganar muke yi. Amma feshi huɗu a gilashi, da raga a buɗe, bai kamata ya kai shi haka ba."

Nas ta ba da labarin ledar. Ta so ta taƙaita, Yaya ta ƙara da cewa an bi gefe huɗu da salatif, kuma ya yi kyau sosai.

Wato duk cikin abin da Nas ta yi a ranar, karatun gwangwani sau uku, lissafi sau biyu, ɗinki mai kyau, abu guda da ya amfani bawan Allahn nan shi ne ragwantakarta.

"Ƙwarin fa?" ta tambaya a hankali. "Jariri gare ni."

"Jinin maciji suke so. In sun rasa za su iya cizon mutum ya yi susa kwana biyu, amma ba sa zama a jikinmu. Da kin kira ni da safe, da ruwan ɗumi da farar takarda zan ce ki fara da su."

Yaya ta matso bakin tebur, haɓarta daidai ƙarfen. "Zai mutu?"

Likita ba ta dubi yarinyar ba, uwar ta duba. Nas ta gane an bar mata amsar.

"Ba mu sani ba tukuna, Yaya. Ni na yi masa laifi, kuma ni zan yi jinyarsa."

"Nan karnuka sun cika haushi, kuma ba ni da wurin ɗumi," in ji likita. "Gida ya fi masa. Kwana uku zuwa huɗu za su nuna. Tsohon akwatin a zubar da duk abin da ke ciki, a wanke, a shanya a rana. Shi kuma roba mai tsabta, farar takarda a ƙasa, da iska. Kin ji? Iska. Kullum da safe wanka. Bayan wanka ki kwantar da shi rigingine. Ranar da ya juya da kansa, ya tsallake."

Da yamma Malam ya kira. Nas ta shirya jawabi mai gabatarwa da dalilai, amma Yaya ta riga ta kai wa wayar hannu, ta zazzage labarin duka da numfashi ɗaya, har da haƙori da salatif. Ta miƙo wayar. Nas ta kara a kunne.

"Nas."

"Na'am."

"Kin taɓa shi?"

"Wanka na yi masa."

"Da hannunki?"

"A'a, da ƙafa."

Ya yi 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ya ce ba za a sake su ba sai an gama gyara. Ya ce 'yan ajin ƙarshe na bana su suka karɓi Shugaba yana kamar yatsa, suna aji ɗaya, kuma sun ce ranar komawa za su ɗauki hoto da shi. Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ta samu abin riƙewa.

"Ka ce kada a rufe ragar," ta ce.

"Na ce."

"To ka faɗa mana, ka huce."

"Ke kin riga kin faɗa wa kanki, na ji a muryarki. Ki gwada ruwan da gwiwar hannu."

"Kai za ka koya min gwada ruwan wanka?"

Ta zazzage babbar robar da take ajiye yadi, ta ɗora ƙusa a wuta ta huda murfin. Ta huda, ta ƙara, ta tuna muryar likita ta sake ƙarawa, har murfin ya koma rariya. A ƙofar firiji akwai takardar da take rubuta lokutan maganin yara, layin Yaya da layin Auta. Ta ja layi na uku.

Safiya ta farko ya kwanta yadda ta ajiye shi, kamar ɗamarar da aka yar. Ta ƙirga ashirin ta juya shi da kanta. Safiya ta biyu rawar ta ragu, amma cikin nan fari yana sama. Yaya ta kawo littafinta ta karanta masa shafi biyu, ba ta zarge shi da rashin saurare ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai ci wa Nas rai. Auta kuwa an koma yi masa wanka a bokiti, yana ta kallon bahonsa da mamaki. Matar da ta zo karɓar ɗinki ta tarar da rigarta ba hannu ɗaya, Nas ta ce mata akwai marar lafiya a gidan.

"Ayya. Babba ko yaro?"

"Ɗan amana ne."

Safiya ta uku bakin wutsiyarsa ya lanƙwasa, ya nemi ƙasa, ya gaji. Nas ta kira likita ta ba ta labarin wutsiya kamar mai ba da labarin haƙorin farko. Likita ta ce a ci gaba.

Safiya ta huɗu ta sirka ruwa, ta gwada, ta ɗauko shi. Ta manta da safar gaba ɗaya, sai da ta ga hannunta a ruwa ta tuna. Ta wanke shi, ta tsane, ta shimfiɗa tawul a ƙasan banɗaki, ta kwantar da shi rigingine. Yaya tana tsugune a ƙofa da kayan barci, tana ƙirgawa a fili.

A bakwai wuyansa ya murɗa. A tara kansa ya kife daidai, haɓa a kan tawul. Sai juyin ya bi jikinsa a hankali, gaɓa bayan gaɓa, farin yana ɓuya, zanen yana fitowa, har wutsiya. Ya zaro harshe sau biyu.

Nas ba ta janye hannu ba, domin hannun ya saba tsayawa kusa ko za a bukace shi. Shugaba ya ɗanɗana iskar da ke kusa da yatsunta, ya ɗora kai a tafinta, ya hau. Ya zagaye wuyan hannunta sau ɗaya, ya ƙara, ya matse daidai yadda mai lafiya ke matsewa.

A nan duk tsoron da ta ajiye kwana huɗu ya dawo ya same ta a tsugune.

"Yaya," ta ce, ba ta motsa leɓe sosai ba. "Wanke hannunki. Da sabulu. Ki zo ki kwance ni."

"Mama, ya warke."

"Na gani. Zo."

"Ɗumin hannunki yake so. Baba ya ce in ya naɗe mutum haka, ya yarda da shi ne."

"Ki ce masa na gode. Ki ce ya sake ni."

Yaya ta tafi wajen famfo, ta ɗauki sabulu, ta fara wanke yatsunta ɗaya bayan ɗaya, da bayan hannu, da ƙarƙashin farce, a tsanake, daidai yadda uwarta ta koya mata.